Ja a Kan Kore

Sana'ar yayana ita ce zaɓen launi. In na faɗi haka sai a yi dariya, a ce wannan ma sana'a ce? To sana'a ce. Da ita ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu, da ita ya saya mini keken ɗinkin da nake takawa har yau, kuma duk wanda ya taɓa bin babban titinmu a mota ya karanta aikinsa ko bai san shi ba: allon kantin magani, na mai gyaran agogo, har da kibiyar da ke nuna hanyar asibiti. Yau ban san inda yake ba. Ba mutuwa ya yi ba, da mutuwa ce da mun yi kuka mun gama. Ɓata ya yi, kuma zan faɗi yadda aka yi, don abin ya tsaya mini a rai.

Da burushi da gwangwanin fenti ya fara, yana hawa tsani yana rubuta alluna. Da kwamfuta ta zo tsaransa suka watse, wasu suka koma fentin gidaje, shi kuwa ya zauna ya koye ta da yatsa ɗaya. Wani shagon buga takardu ya ɗauke shi yana tsara musu aiki, lokacin shagon ɗaki ɗaya ne da inji guda mai ƙara. A nan ƙuruciyarsa ta ƙare, a nan furfura ta same shi, a kan idonsa shagon ya zama bene.

A can ba mai kiran sunansa, Ƙanƙance suke ce masa. Dalili, in ya gama tsara abu sai ya manna shi a bango, ya ja da baya har bakin ƙofa, ya ƙanƙance idanu sai ka ce barci yake a tsaye. In rubutun ya fito a haka, to ya yi. In ya narke cikin abin da ke bayansa sai ya ce a sake, ko da mai aikin yana tsaye yana duba agogo.

Abin da yake faɗa kullum, har na haddace don dole, shi ne wai kowane launi da nauyinsa. Akwai masu duhu, su ne masu nauyi, akwai masu haske, marasa nauyi, kuma rubutu ba ya fitowa sai an haɗa mai nauyi da mara nauyi. Baƙi a kan rawaya, fari a kan shuɗi mai duhu. Amma ja da kore, duk da a ido ba sa ga maciji da juna, nauyinsu ɗaya ne, ka cire musu launin su koma toka iri ɗaya. Shi ya sa ba ya sakin aiki sai ya saka shi a injin fotokwafi mai baƙi da fari ya ga abin da zai fito. Ya ce takarda in ta bar shago ba ka san hannun da za ta faɗa ba.

Wani mai sayar da turare ya taɓa zuwa yana son sunan kantinsa da ruwan zinare a kan ruwan madara, wai shi ne na manya. Yaya bai yi masa musu ba. Ya buga masa, ya manna a ƙofa, ya ce ya tsallaka titi ya karanto. Bawan Allah ya tsallaka, ya yi ta leƙe, ya dawo saura kaɗan babur ya kwashe shi, ya ce a yi masa yadda aka ga ya dace. Ni ma ban tsira ba. In na kawo ɗinki gidansa ina taƙama, sai ya ce zaren aikin wuyan ya ɓace a cikin yadin, na yi wahalar banza. In ce masa riga ce fa Yaya, ba allon asibiti ba. Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa har yanzu ban yi suna ba. Taurin kai gare shi, ba zan ɓoye ba, kuma bai iya yabo ba.

'Ya'yansa biyu. Babban, namiji, bai gaji komai na sana'ar ba, sai zafin zuciya irin nawa. Motar haya yake ja, kowa Direba yake ce masa, har ni gwaggonsa. Ƙaramar, Auta, ita ta ɗauko hannun uban. Tun tana 'yar mitsitsiya take zama ƙarƙashin teburinsa tana tattara ragowar takardu masu launi, ta girma ta fi shi iya kwamfuta nesa ba kusa ba, ta buɗe nata aikin a ɗakinta, ana aiko mata ta waya tana tsarawa. Ita da shi kullum cikin gardama suke. Ta nuna masa aiki, ya ce ta kai injin baƙi da fari tukuna. Ta ce wa yake buga baƙi da fari a zamanin nan, kowa a waya yake kallo. Ya ce ta kai dai. Uwarsu, kafin ta rasu, takan ce gidanta ne kaɗai ake faɗa a kan shuɗi.

Bayan rasuwar matar ne mantuwa ta fara kama shi. Da farko ƙananan abubuwa ne, makulli a cikin firiji, kiran Auta da sunan uwarta. Sannan ya fara tsara aiki ɗaya sau biyu. Idonsa a kan launi bai taɓa gushewa ba, amma sunayen masu aiki da ranakun karɓa duk suka zube. Mai shagon, wanda Yaya ya sani tun ba shi da kujerar da baƙo zai zauna, ya fara da mayar da teburinsa lungu kusa da banɗaki. Daga baya ya ce ya je gida ya huta, in an buƙace shi za a kira. Ko taron sallama ba a yi ba. Direba ne ya je ya kwaso kayansa a kwali, kofin shayi da tabarau da tsoffin burusan da ya ƙi yarwa. Auta ta rantse ƙafarta ba za ta sake taka shagon nan ba, ni kuma na taya ta da abin da ba zan maimaita a nan ba.

Matsalar ita ce Yaya bai san an sallame shi ba. A gaya masa, ya ce to, gari ya waye ya manta. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya saka rigarsa mai aljihu a ƙirji, ya soka biro, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a buɗe masa. Auta ta ce masa yau hutu ne. Ya ce wane irin shago ne kullum hutu, haka za su karya mutumin nan. Kun ji fa, wanda ya yar da shi kamar tsumma shi yake tausaya wa. Muka saka kwaɗo a ƙofar gida, muka raba zama da shi: Auta da safe, ni da rana, Direba in ya dawo.

Ranar da abin ya faru ba laifin kowa ba ne, kuma duk wanda ya ce laifin Auta ne, to ni da shi ne. Mai kawo gas ya zo, ta buɗe masa ƙofa, ta shiga kicin ta nuna masa inda zai ajiye tukunyar, ya tsaya yana gwada ko tana yoyo. Da suka fito kujerar Yaya ba kowa, takalmansa ma babu. Ta fita da gudu, ta duba dama ta duba hagu, titinmu da safe kuwa ba masaka tsinke. Muka fara da shagon, mai gadi ya ce bai gan shi ba. Dama tun bayan da ya daina zuwa an gina gada a inda ya saba tsallakawa, motocin haya ma sun sauya hanya.

Kafin rana ta take Auta ta zauna gaban kwamfuta za ta yi takardar cigiya, ina tsaye a kanta. Ta saka hotonsa babba a tsakiya, yana murmushin nan nasa na gefen baki. A sama ta rubuta CIGIYA da baƙi a kan fari. A ƙasa ta ja wani faffaɗan layi kore shar, ta ɗora lambar wayarta a kai da ja, jawur, manya-manyan lambobi. Ta ce so take ya soki idon mutum ko yana gudu a mota. Kuma wallahi yana suka, a fuskar kwamfutar har rawa lambobin suke. Ba wanda ya tuna da injin baƙi da fari, don ba wanda ya yi niyyar buga ta a baƙi da fari. Tsohon shagon Yaya ke da injin launi mafi kyau a unguwar, duk mun ɗauka ko don kunya za su buga mana.

Direba ya kai, ya hau sama ofishin mai shagon ya gaya masa. Mutumin ya dafe ƙirji, ya ce Ƙanƙance ai uba ne a wurinsa. Sannan ya ce injin launi yana kan babban aiki, kalandar wani kamfani da za a karɓa da safe, in aka tsayar da shi sai an sake saita komai. A dawo gobe da rana, zai buga mana kyauta. Kwafi ɗaya mai launi ya fitar masa a ƙaramar na'urar ofis, wai ya ga yadda za ta yi kyau. Gobe da rana! Tsoho yana yawo a titi bai san sunan kansa ba. Direba ya fizgi takardar, ya faɗa masa abin da ya faɗa, ya sauko ya wuce wurin mai fotokwafi na bakin tasha, ya ce a yi ta kwafa har takarda ta ƙare. Fuskar ubansa ya gani ta fito, bai duba ƙasa ba. Ya kwashi damin da zafinsa ya rarraba wa 'yan'uwansa direbobi, kowa ya kama hanyarsa da gam. Kafin faɗuwar rana hoton Yaya ya kai unguwannin da ban taɓa takawa ba.

Muka zauna jiran waya. Auta ta ajiye ta a kan tebur tana caji ba cirewa, ko banɗaki za ta shiga sai ta ce in zauna kusa da ita. Muka zaga asibitoci, muka je wurin 'yan sanda aka rubuta, har ɗakin ajiye gawa Direba ya shiga ya fito yana amai. Waya shiru. Dangi suka cika gida kowa da shawararsa, har da masu cewa ai da an kulle shi a ɗaki tun farko. Da kaina na kore su. Abin da ya fi damuna shi ne shirun, a ce fuskar mutum tana jikin kowane turken lantarki a gari, amma ko mahaukaci bai kira ya yi mana ƙarya ba.

Bayan kwanaki ni na gano dalilin shirun, ina tsaye a tasha ina jiran motar zuwa wani asibitin. Takardar tana manne a jikin rumfar, na tsaya ina kallon Yaya yana mini murmushi. Idona ya sauka ƙasa neman lambar. Babu. Layin toka ne kawai daga wannan gefe zuwa wancan. Na matsa har hancina ya kusa taɓa takardar, sai na ga wata inuwa-inuwa, wadda ni na gane don na san lambar a ka. Wanda bai sani ba sai dai ya yi duba. Na zauna a dakalin tashar, mota ta zo ta wuce.

Na ɓalle ta na kai gida, na ajiye a gaban Auta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali:

"Nauyinsu ɗaya, Gwaggo."

Daga nan gida ya hargitse. Direba ya ce ita ce mai sana'ar, ita ya kamata ta sani. Ta ce wa ya aike shi fotokwafi, kuma makaho ne da bai duba ba? Ya ce to da ya zauna jiran gobe da rana? Abin da bai kamata wa da ƙanwa su gaya wa juna ba duk sun gaya, har da zancen ƙofa da mai gas. Na daka musu tsawa, na ce uban nasu yana waje, su rufe mini baki sai an gan shi. Auta ta share ido ta sake takardar, baƙi a kan rawaya, ta kai fotokwafi da ƙafarta ta duba, aka sake bin gari ana mannawa a kan tsoffin.

Washegari waya ta fara ƙara. Masu cewa sun ga mai kama da shi, masu addu'a, har da wani mara kunya mai neman tukuici kafin ya yi magana. Ashe duk kwanakin nan mutane suna nan, lamba ce babu. Cikinsu akwai wani mai facin taya a can ƙarshen gari, inda manyan motoci ke kwana. Ya ce ba kama ba ce, shi ne, a wurinsa ya zauna. Direba ya ja mota kamar za mu tashi sama.

Rumfar kwano ce a bakin hanya, da injin iska, da bahon ruwan da ake tsoma taya a nemo huji, da benci. Mai facin dattijo ne siriri, hannunsa duk baƙin mai. Da ya ga mun fito mu uku muna leƙen bayansa sai ya sunkuyar da kai, a nan na san ba da Yaya za mu koma ba.

Ya ce wata yamma ya gan shi tsaye a gaban rumfar yana kallon tsohuwar tayar da ya rataye a matsayin allo, Yaya ya ce masa rubutun nan ya mutu. Ya tambaye shi daga ina, bai sani ba. Sunansa, ya yi dariya. Ya saya masa shayi da burodi, ya shimfiɗa masa tabarma a cikin rumfar. Ya so kai shi wurin 'yan sanda, amma ya taɓa kai musu wani da mota ta buge suka tsare shi, tun daga nan yake tsoro, sai ya ce bari ya riƙe shi, masu shi za su zo. Yaya ya dame shi da zancen fenti, har ya aro masa ragowar fari da baƙi da ɗan burushi a wurin masu gyaran jikin mota. Ya nuna mana tayar tana lilo a iska, FACI a jikinta fari fat.

Sai wani direba ya manna takardarmu ta farko a turken da ke gefen rumfar. Mai facin ya gane fuskar nan take. Ya ɓalle ta, ya ɗaga ta a rana, ya juya ta, ya kira mai shayi ya taya shi, suka fitar da wasu lambobin suna gardama a kan sauran. Sai ya kai wa Yaya ya ce ga hotonsa, ya karanta masa lambar gidansu. Ya ce Yaya ko kallon hoton bai yi ba. Layin tokar ya kalla, ya yi tsaki, ya shimfiɗa takardar a benci. Mota ta zo da faci, mai facin ya tafi aikinsa. Da ya dawo, Yaya ya shafe layin gaba ɗaya da farin fenti, ya jira ya bushe, ya rubuta lamba a kai da baƙi.

Ya shiga ya ɗauko mana takardar daga bayan injin iska. Lambobi ne a miƙe, a daidaice, kamar inji ya buga. Amma ba lambar Auta ba ce. Direba ya karanta ya girgiza kai, bai san ta ba. Auta ta karɓa, na ga leɓenta yana motsi.

"Lambar shago ce," ta ce. "Ta teburin karɓar aiki."

Ita kaɗai ta rage masa a ka, don shekara da shekaru yana rubuta ta a ƙasan kalanda da alluna. Mai facin ya ce a take ya kira. Wata yarinya ta ɗauka, ya ce mata akwai wani tsoho a wurinsa da ya ɓata, shi ya rubuta wannan lambar. Ta ce nan wurin buga takardu ne, su ba su da tsoho, ta kashe. Ya sake kira, ta ce in ba aiki zai kawo ba ya daina damunsu.

Na tambaye shi ko Yaya ya ji. Ya ce shi bai san abin zai kai haka ba, gaskiya ya gaya masa.

"Na ce, Baba, sun ce ba su da tsoho. Sai ya ce, to. Ya gyara biron aljihunsa ya zauna."

Washegari da hantsi wata babbar mota ta tsaya, mai facin ya shiga ƙarƙashinta, da ya fito benci ba kowa. Sabuwar takardarmu ba ta iso turken ba sai bayan Yaya ya tafi. Muka bi hanyar gaba da baya har inda gidaje suka ƙare. Hanya ce ta manyan motoci, kowace tana iya ɗaukar tsoho mai biro a aljihu don taimako, ta sauke shi a wani gari.

Daga can ban bari an kai ni gida ba. Na ce Direba ya tsaya a shagon, kuma ya zauna a mota, don in ya shiga sai an raba. Na shiga da takardar a hannu, Auta tana bayana, rantsuwar ma ta manta da ita. Yarinyar tana nan a teburin, sabuwa ce, ba ta daɗe da fara aiki ba. Ta tuna kiran, ta ce ta ɗauka 'yan damfara ne. Ba ta taɓa jin sunan Ƙanƙance ba, kuma ba wanda ya gaya mata wani tsohon ma'aikaci ya ɓata. Na juya na duba ƙofar gilashin, da bango, da allon sanarwarsu, ko kwafi ɗaya na cigiyar babu. Yarinyar ta fashe da kuka, na ce ta yi shiru, ba ita na zo nema ba.

Mai shagon ya sauko yana murza hannu. Ya ce wallahi aiki ne ya sha kansa, ya yi niyyar gaya musu ya manta. Manta! Na ce masa Yaya ciwo ne ya sa shi mantuwa, kuma duk da ciwon lambarka bai manta ba, kai mene ne naka? Na faɗi sauran a gaban ma'aikatansa da masu kawo aiki, kuma ko yau aka ce in janye kalma ɗaya ba zan janye ba.

Auta ba ta ɗaga murya ba. Ta jira na gama, ta ce abu ɗaya take roƙo, ya ba ta layin nan ya yi wa shagon sabo, don duk inda Baba ya faɗa, in aka ce ya rubuta lamba wannan zai rubuta. Ya ce ai ba zai yiwu ba, lambar tana jikin allo da kalanda da katin duk mai hulɗa da su, in ya bayar shagon ya mutu. Amma zai ja kunnen yarinyar, duk wanda ya kira da zancen tsoho za a sanar da mu. Auta ta kalli yarinyar tana shessheƙa, ta kalli wayar, ta kalli mutumin da ya ce zai tuna.

"To ka ba ni kujerar," ta ce.

Ya ɗauka wasa take, ashe da gaske take. Aka mayar da yarinyar wajen naɗe takardu. Auta ta rufe kwamfutarta ta tura ƙarƙashin gado, masu aiko mata aiki suka gaji da jira suka koma wurin wasu. Yarinya mai hannu irin nata, yanzu ita ce mai cewa sannu da zuwa, kwafi nawa za a yi. Mai shagon ya taɓa ce mata ta hau sama ta riƙa tsara musu aiki tunda ta gaji ubanta, ta ce a'a, a saman ba a jin ƙarar wayar. Na yi mata faɗa, na yi lallashi, na ce ƙuruciyarta take binnewa a wurin mutanen da ba su cancanta ba. Ko a jikinta. Ita ce ta farkon zuwa, ita ce ta ƙarshen tashi, ranar hutu ma takan roƙi mai gadi ya buɗe mata.

Jiya da rana na bi ta wurin zan sayo zare. Ban shiga ba, don har yau ba na iya haɗa ido da mutumin nan. Ta cikin gilashi na hango ta tana cin abinci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan wayar. Wayar ta yi ƙara, ta ɗauka tun kafin ta yi ta biyu, ta miƙe tsaye. Ta saurara. Sannan ta zauna a hankali, ta jawo takarda, ta fara rubuta girman katin da mai kiran yake so.